Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Shekarar da Muka Ba Gyaran Hoton Daji da Kogi

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamanmu da suka riga mu riƙe kyamara, 'yan uwa mambobi maza da mata, da ƙannenmu da suka shigo bana. Shugaba ya ɗora mini nauyin rubuta abin da muka yi a wannan shekara domin kowa ya karanta kafin babban taro. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji zai karanta nasa a zaure.

Za ku tuna ƙorafin da aka yi a taron bara, cewa hannunmu ya faɗa a hoton biki da suna da fasfo, amma da zarar an ce mu ɗauki dutse ko kogi ko gona sai hoton ya fito kamar ba a ƙasarmu aka ɗauke shi ba. A kan haka aka tsayar da cewa bana za mu duƙufa kan hoton shimfiɗar ƙasa da yadda ake gyara kurakuransa a kwamfuta da waya. Tsarin mai sauƙi ne: a fita ɗauka tare, a dawo a zauna, kowa ya buɗe hotonsa a gaban jama'a a duba. Da farko wasu sun ji nauyin haka, amma da suka ga dattawanmu ne suka fara buɗe nasu, kowa ya saki jiki.

Fitarmu ta farko bakin Kogin Kaduna ce, a Gamji, wajen tsohuwar gadar ƙafa ta Lugard da aka ƙera a Zungeru a 1904 kafin a dawo da ita nan. Kuskuren da ya fi yawa ranar shi ne karkata. Ruwa ba ya kwanciya a karkace, don haka ko ɗan kaɗan kyamara ta jirkice sai a ga kamar kogin zai zube ta gefen hoto. Gyaransa ba wuya, manhajojin gyaran hoto irin su Snapseed da Lightroom duk suna miƙe hoto cikin daƙiƙa, sai dai miƙewar tana cin gefuna. Wani ɗan uwa ya rasa ƙarshen gadar gaba ɗaya a haka. Tun daga ranar muka ɗauki al'adar kunna layukan raga a fuskar kyamara, da barin ɗan fili a kowane gefe.

Inda muka daɗe muna kai-kawo shi ne hunturu. Mun je Dutsen Kufena a Zariya lokacin da hazo ya sauka sosai, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi. Da muka dawo, kusan kowa hannunsa ya tafi kan maɓallin Dehaze mai share hazo, wanda kamfanin Adobe ya saka a Lightroom tun 2015. Abin da yake yi shi ne ƙara bambanci tsakanin haske da duhu, ya kuma kaurara launi. In an taɓa shi kaɗan, dutsen da ke kusa yakan fito ras. In an ja shi da ƙarfi, sama ta koma wani shuɗi mai datti, inuwa ta yi baƙi ƙirin, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce mai saye hoto mai kaifi yake so, a share hazon kawai. Wasu suka ce wanda ya share hazo daga hoton Janairu ya share lokacin da aka ɗauke shi. Ba zan ɓoye ba, ina tare da na biyun. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda rana ke fitowa fara fat kamar faifai a cikin hazo, har mutum ya iya kallonta, da yadda duwatsu ke jeruwa kowanne ya fi na gabansa dushewa. Wannan dushewar ce take nuna wa ido nisa. Hotunan da muke gani a intanet daga ƙasashen da iskarsu ke wanke ba su ne ma'auninmu ba, kuma yana yi mini ciwo in ga yaro mai basira yana wahalar da Kufena don ta yi kama da dutsen wata ƙasa. A ƙarshe wani dattijonmu da ya fara sana'ar tun zamanin wankin fim ya nuna mana hanyar tsakiya: a keɓe gaban hoto kaɗai, bishiya ko gona ko mutumin da ke kusa, a ƙara masa kaifi, a bar nesa da hazonta. Hotunan da aka gyara a haka su ne mafi kyau da muka samu bana, har waɗanda suka yi jayayya sun yarda.

Hunturu ya koya mana wasu abubuwa biyu. In an bar kyamara ta zaɓi launin haske da kanta, takan ɗauki ruwan ƙasa-ƙasan hazo a matsayin kuskure ta sanyaya shi, hoton ya fito toka-toka. Mayar da ma'aunin kusa da 5500, wato hasken rana, yana dawo da abin da ido ya gani. Sai kuma ɗigo-ɗigon baƙi a sararin sama, waɗanda ƙurar da ta hau sensa ce, wato ɓangaren cikin kyamara da ke karɓar haske, saboda canja gilashin kyamara a fili. Sun fi bayyana in an tsuke ƙofar haske zuwa f/16. Ana share su ɗaya bayan ɗaya a manhaja, amma aiki ne mai cin rai. Don Allah 'yan uwa, a daina hura sensa da baki ko goge ta da bakin riga, ƙungiya ta sayi abin hurawa na roba, yana hannun mai kula da kaya.

Da damina ta kankama muka nufi kudancin jiha, ruwan Matsirga kusa da Kafanchan da duwatsun Kagoro. Matsalar can ƙonewar haske ce: gajimare da kumfar ruwa su fito fari sol, babu komai a ciki. Wannan ne kuskuren da muka tabbatar gyara ba ya warkarwa in ya wuce iyaka, domin inda sensa ta cika ta batse babu abin da ta adana. Mun gwada hoto ɗaya a nau'in fayil biyu, JPEG da aka saba da RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, gefe da gefe. JPEG matakai 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, shi ya sa aka iya janyo gajimare daga RAW, a JPEG kuwa ya koma toka. Ƙa'idar da muka ɗauka ita ce a auna haske da sama, a duba jadawalin haske kada ya manne a bangon dama, daga baya a ɗaga inuwa a hankali. Mun kuma makara a wannan fita, kuma a nan rana ba ta jira. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana miƙewa sama da sauri, lallausan hasken safe ɗan taƙi ne.

Damina tana da wani tarkon, wato cika launi. Ganye ya riga ya yi kore shar, jar ƙasarmu ta jiƙe ta yi ja, sai mutum ya ƙara musu har hanya ta koma kamar an zuba manja. Haka farin layin da ke bin gefen dutse in an matsa wa hoto kaifi. Maganin da ya yi mana aiki shi ne a gama gyara, a tashi a sha iska, a dawo a sake kallo kafin a tura.

Batun canja sama gaba ɗaya, wanda Photoshop ya sauƙaƙa tun 2020, kwamiti ya zauna a kai. An amince cewa mai yi wa abokin ciniki aiki yana da 'yancinsa, amma duk hoton da zai fita da sunan ƙungiya dole samansa ta zama ta ranar, kuma a ajiye asalin fayil ɗin.

Akwai abin da ba mu iya ba. Tafiyar Gandun Dajin Kamuku ta Birnin Gwari ba ta yiwu ba saboda halin tsaro, kuma ba mu yi nadamar fasawa ba. Baje kolin da muka shirya ya ɗage domin shagon da muka kai wa bugu ya fito da hotunan da duhu, kore ya rine, kuma wani ɓangare na laifin namu ne tunda ba mu mayar da fayilolin zuwa tsarin launi na sRGB ba, ba mu kuma nemi bugun gwaji ba. Rashin wuta ya katse mana zama fiye da sau ɗaya. 'Yan uwanmu mata sun koka cewa fitar asuba ba ta yi musu daidai, kuma suna da gaskiya, za mu gwada ta la'asar. Masu ƙorafin biyan kuɗin manhaja da dala kuwa, mun fara koyar da wasu manhajojin gyara, darktable da RawTherapee da GIMP, dukansu kyauta ne, ajin zai ci gaba.

Wanda zai saka hoto a baje kolin ya zo taro da asalinsa da wanda ya gyara a filashi. Mai turowa ta WhatsApp ya turo a matsayin fayil, domin in aka tura shi yadda aka saba manhajar tana matse shi. Muna roƙon Allah Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan iyayen da wasunmu suka rasa bana.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, Kaduna