Kira Ga 'Yan Kasuwarmu Kan Gyara Shafinsu Na LinkedIn

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman masu harkar riɗi da zoɓo da citta, a kan wani abu da na lura muna yi masa riƙon sakainar kashi, wato shafin da mutum ke buɗewa da sunansa a dandalin LinkedIn. Na daɗe ina saye da sayar da amfanin gona tsakanin Dawanau da Maigatari, kuma abin da zan faɗa a kaina na fara ganinsa.

An buɗe wannan dandali a Amurka a shekarar 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma zuwa 2023 masu rajista a cikinsa sun kai biliyan ɗaya. Abin da ya raba shi da Facebook shi ne, masu shigarsa aiki da ciniki suke nema. A cikinsu akwai jami'an sayayya na kamfanonin Turkiyya da Japan da ke sayen riɗinmu, da na Meziko da ke sayen zoɓonmu, kuma duk wanda ka aika wa saƙo a cikinsu, kafin ya amsa sai ya buɗe shafinka ya ga ko kai wane ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Lokacin da kakanninmu ke fataucin goro zuwa Gwanja, farke ba ya isa kasuwar Salaga ya kama ciniki da kansa. Yana sauka ne a gidan fatomansa, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an zo maganar bashi. Mutanen gari ba su san baƙon ba, amma sun san wanda ya sauke shi, shi ya sa suke sakin jiki. A yau mai saye yana Istanbul kai kana Kano, babu fatoma a tsakaninku, shafin nan ne kawai zai gaya masa sunanka da hajarka da waɗanda za su shaide ka. Idan shafin bai yi wannan aiki ba, ciniki ya mutu tun kafin a yi sallama.

Lokacin da ɗan yayana ya fara buɗe mini nawa, abin da muka rubuta a ƙarƙashin sunana shi ne shugaban kamfani, ɗan kwangila, mai shigo da kaya da fitarwa. Hoton da muka sa kuwa na ranar wani ɗaurin aure ne, mu huɗu a tsaye. Na shekara ina aika saƙonni babu wanda ya tanka mini, har wani abokin hulɗata da ke aikin fito a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya duba shafin a gabana, ya ce da ni, "Alhaji, ni da na san ka ban gane abin da kake sayarwa ba, to ina ga wanda bai taɓa ganinka ba?" A ranar muka goge komai. Muka rubuta cewa ina fitar da farin riɗi tsaftatacce da busasshen zoɓo daga Kano da Jigawa ta tashar Legas, na tsaya a ƙofar sitona da rana aka ɗauke ni hoto ni kaɗai, fuskata a fili. Ba a yi wata biyu ba wani mai saye ya rubuto yana tambayar samfur.

Layin nan da ke ƙarƙashin suna shi ne ya fi komai muhimmanci, domin shi ake gani tare da sunan mutum a duk inda ya bayyana a dandalin, kuma kalmomin da ke cikinsa suna daga cikin abin da ke sa a ci karo da shi idan wani ya yi bincike. Wanda ke neman riɗi sunan riɗi zai rubuta, ba zai rubuta shugaban kamfani ba. Mu kuwa mun saba da tara muƙamai da jera sana'o'i goma, muna ganin hakan ne zai ƙara mana kwarjini, alhali a idon baƙo wanda ya ce yana sayar da komai ana ɗaukarsa mai neman na cefane ne wanda bai riƙe haja ko ɗaya ba.

A wurin da aka tanada domin mutum ya yi bayanin kansa, ya kamata a amsa tambayoyin da mai saye zai yi tun kafin ya yi su. Yana son ya san tan nawa kake iya haɗawa a wata, a wane lokaci na shekara kayanka ke samuwa, da inji ake tsaftace riɗin ko da hannu ake sheƙe shi, tsaftarsa ta kai kashi 99 cikin ɗari ko ba ta kai ba, laima nawa ce a jikinsa, da irin buhun da kake zubawa. Idan kwantena ɗaya mai ƙafa 20 kake iya cikawa, wadda ke ɗaukar kusan tan 19 na riɗi, ka rubuta ɗaya. Na ga wanda ya rubuta goma, da aka nemi uku ya shiga zagaye kasuwa yana haɗa na kirki da mai tsakuwa, sunansa ya ɓaci a ciniki na farko. Haka kuma a ambaci rajistar kamfani ta hukumar CAC da takardar shaidar mai fitar da kaya ta hukumar NEPC, tun da abubuwa ne da mai saye zai iya bincikawa da kansa. Ba na jin daɗin faɗa, amma 'yan damfara sun shafa wa sunan Najeriya baƙin fenti, saboda haka ɗan kasuwarmu na gaskiya sai ya kawo shaidar da ba a neman irinta daga ɗan wata ƙasa.

Akwai kuma wani gurbi da kusan dukkanmu muke bari fayau, wanda aka yi domin waɗanda suka taɓa hulɗa da mutum su rubuta shaida a kansa da sunansu. A ganina nan ne ainihin gadon aikin fatoma yake. Kawaici yana hana mu roƙon a yabe mu, amma neman shaida a kan cinikin da aka gama lafiya ba roƙon yabo ba ne. Layi uku daga wanda ya karɓi kayanka, yana cewa awo ya cika kuma kaya sun iso a kan lokaci, sun fi duk abin da za ka rubuta game da kanka. Mai fiton kayanka da mai injin da ke tsaftace maka da dillalin da kuka daɗe tare duk za su iya rubutawa.

Game da neman ƙulla hulɗa, kuskuren da nake gani shi ne tura buƙata ga mutum ɗari a rana ba tare da ko kalma ɗaya ba, ko kuma da zarar an karɓa a aika da farashi. Ko a kasuwa sai an gaisa ake taya kaya. Gajeren saƙo mai cewa ga inda na ga sunanka, ga abin da nake yi, ya wadatar. Bayan haka mutum ya riƙa sa hoton aikinsa na yau da kullum, kamar ranar da sabon zoɓo ya shigo kasuwa ko ranar da ake lodi, ya bar muhawarar siyasa a wani dandalin. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya sami mai ilimi ya duba masa rubutun, wannan ba abin kunya ba ne.

Ya kamata kuma a yi hattara, domin gyararren shafi yana jawo macuta kamar yadda yake jawo masu saye. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗin rajista kafin kamfaninsa ya sayi kayanka, ko ya matsa a tura kaya babu kafin alƙalami, babu kuma takardar lamuni ta banki, a bincike shi kamar yadda shi ma yake bincikenmu.

Ina kira ga ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta KACCIMA da shugabannin kasuwar Dawanau da su shirya bita da harshen Hausa, inda matasanmu masu ilimin kwamfuta za su zauna da iyayensu 'yan kasuwa a gyara shafukan nan ɗaya bayan ɗaya kafin kakar riɗi mai zuwa. Ita ma wannan jarida za ta taimaka ƙwarai idan ta ware fili a shafinta na kasuwanci domin amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan batu.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wani mai harkar riɗi da zoɓo,
Kasuwar Dawanau, Kano.