Sau Uku Cikon Haƙorin Malam Yana Faɗowa: Hannuna Ne Ko Gam Ɗin?

Assalamu alaikum, Likita.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da aiki lafiya. Tun ina makaranta nake bibiyar wannan fili naka na lafiyar baki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ni likitar haƙori ce sabuwar fita, ina hidimar ƙasa a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, kuma ni kaɗai ce likita a ɗakin haƙori, sai ma'aikaciyar jinya ɗaya da wani dattijo mai kula da kayan aiki. Babu wani babba a fannin da zan leƙa ofishinsa in tambaya, shi ya sa na kawo kukana gare ka.

Akwai wani malamin allo a garin nan, shekarunsa za su haura sittin, mutum mai kamala. Ya zo mini a tsakiyar hunturu yana cewa in ya kurkure baki lokacin alwalar asuba, sai ya ji zafi ya tsarga masa har cikin kai. Da na duba, babu ruɓa ko ɗigo a bakinsa. Abin da na gani shi ne wuyan haƙora uku na sama a gefen hagu, fiƙa da biyun da ke bayanta, sun zaizaye dab da dasashi, kamar an sassaƙe su da wuƙa. Wurin sumul, yana ƙyalli, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Na tambaye shi yadda yake asuwaki, ya zaro shi daga aljihu ya gwada mini: a kwance yake dirzawa, da ƙarfi, kafin kowace salla, shekara da shekaru. Saman mataunansa ma ya cinye, ga jan goro.

Na cike masa ramukan da farin ciko, wato kwamfozit, kamar yadda aka koya mana. Na shafa asid, na wanke, na sa gam, na haska shuɗiyar fitilar da ke daskarar da shi, na ɗora ciko, na goge. Aikin ya yi kyau, shi kansa da ya duba madubi sai da ya yi murmushi ya sa mini albarka. Bayan mako uku ya dawo, ya zauna, ya warware wata 'yar takarda da ya naɗe, ya miƙo mini. Cikon fiƙar ne a ciki, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce, "'Yata, ga kayanki, a cikin tuwo na tsince shi." Na sake masa kyauta. Bayan wata guda na biyun ya faɗo. Makon jiya kuma wanda na sake ɗin ya kuma fita. Bai ɗaga murya ba, bai ce na cuce shi ba, cewa kawai ya yi ko dai haƙoran nasa ne ba sa karɓar magani. Wallahi, Likita, da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki cikon na juya shi a ƙarƙashin fitila. Gefen da ya kamata ya kama haƙori sumul yake, babu ko burbushin haƙori a jikinsa, ramin ma tas kamar ban taɓa sa komai ba. A fahimtata wannan yana nufin ba cikon ne ya karye ba, tsakanin gam da dantin, wato jikin haƙori da ke ƙarƙashin ɓawonsa, ne aka rabu.

Na koma littattafaina. Na san ɓawon haƙori, inamel, kusan kashi 96 cikin ɗari ma'adini ne, shi ya sa tun 1955 da Michael Buonocore ya gwada zuba masa asid, manna abu a kansa ya zama mai sauƙi: asid ya kakkarce shi, gam ya shiga ƙananan ramukan ya daskare. Dantin da ke ƙarƙashinsa kuwa wani abu ne daban. Ma'adininsa kamar kashi 70 ne, kashi 20 zaren kolajin, sauran ruwa, ga dubban ƙananan bututu da ke tsiyayo danshi daga jijiyar haƙori, wajen 20,000 a kowace murabba'in milimita daga waje, su ninka haka in an kusanci jijiya. Sai asid ya narkar da ma'adinin sama, zaren kolajin ya tsaya a buɗe, gam ya ratsa tsakaninsa ya daskare, a sami wannan gaurayayyen shimfiɗi da wani mai bincike, Nakabayashi, ya bayyana a Japan a 1982. In ka busar da wurin da yawa zaren ya kwanta, gam ya rasa hanya. In ka bar shi jagab, ruwa ya tsinka gam ɗin. Duk wannan na haddace shi na ci jarrabawa da shi. Amma ranar da na ci jarrabawar a ɗaki mai sanyi nake, da na'urar zuƙe miyau mai aiki, da robar killace haƙori, da malami a tsaye a kaina.

Bari in gaya maka yadda ɗakina yake, don kada ka ba ni shawarar da ba zan iya bi ba. Na'urar zuƙe miyau ta mutu tun kafin in zo. Robar killace haƙori babu, auduga nake naɗawa in tura gefen kunci, mara lafiya ya riƙa tofarwa a kwano. Wurin da nake cike wa Malam kuma dab da dasashi yake, inda wani ruwa-ruwa ke tsatsafowa ko da ba a ga jini ba. Wata rana na hura iskar bututun busarwa a kan madubin baki, sai na ga ɗigo-ɗigo a kai, ban tabbata ko ruwa ne ko man kwamfuresa, injin da ke turo iskar, ba. Da wannan iskar nake busar da haƙori kafin in sa gam. Fitilar haskawa ta caji ce, wuta kuma sai ta kwana biyu ba a kawo ba, janareto sai in za a shiga tiyata. Akwai ranakun da haskenta yake dusu-dusu, sai in ninka daƙiƙa 20 zuwa 40 ina fatan ya isa, ba ni da abin auna ƙarfinta.

Sai kwalbar gam ɗin kanta. Na tarar da ita a kan taga, a buɗe take kwana wani lokaci, ta sha zafin bazara guda a haka. Da na ɗiga ta a kan takarda, ta yi kauri kamar zuma, alhali wadda na sani a makaranta tsinkakkiya ce, tana warin sinadarin da ke cikinta. Na san wannan sinadarin, asiton ko barasar magani, shi ne ke kore ruwa ya ja gam zuwa cikin kolajin, kuma in ya tashi a iska an rasa abin da ke kai gam inda ake so. Kwanan watan jikin kwalbar bai wuce ba, don haka da na nemi sabuwa sai mai kula da sito ya ce in ƙarar da wannan tukuna.

To amma ko da komai na ɗakin lafiya lau yake, ina zargin haƙoran Malam kansu. Irin wannan dantin mai ƙyalli da ya daɗe a buɗe, bututunsa sun toshe da ma'adini, samansa ya ƙanƙare, asid na daƙiƙa 15 ba ya cinsa yadda yake cin sabon dantin. Ban kakkarce wurin da kan inji ba kafin in fara, saboda ina tausayin rage masa haƙori, ga shi yana jin zafi. Ramin kuma ba shi da lungu ko gefen da zai riƙe ciko, duk nauyin a kan gam yake, kwamfozit kuma yana ɗan tsukewa in ya daskare, ya ja gam ɗin daga bango. Yanzu ina ganin wannan tausayin ne ya jawo masa zirga-zirga.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. A cikin durowa akwai gilas ayonoma, wannan simintin gari da ruwa da Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila a 1972. Da shi nake cike wa yara da matan ƙauye da ba za su iya dawowa ba, da hannu kawai, ba inji ba fitila, irin dabarar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980. A gwajin ɗakin bincike ƙarfin kamunsa ga dantin kaɗan ne, 'yan megafaskal (ma'aunin ƙarfin kamu) da ba su kai goma ba, shi kuwa gam mai kyau yana haura 20 cikin sauƙi. A takarda ba a ma haɗa su. Amma a wata takwas da na yi a nan, ban ga mutum ɗaya ya dawo mini da gilas ayonoma a naɗe cikin takarda ba. Na san yana kama kalsiyam ɗin haƙori kai tsaye, ba ya tsoron ɗan danshi, yana buɗewa da tsukewa da zafi da sanyi kusan daidai da haƙori, yana kuma sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Na kuma karanta cewa masu bincike na jami'ar Leuven a Beljiyam, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a bakin mutane kan irin wannan zaizayar wuyan haƙori, sun ga cewa dangin gilas ayonoma ne suka fi daɗewa ba su faɗo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. To ina amfanin lambar megafaskal a wurina, in abin da ya fi ƙarfi a takarda shi ne yake ƙarewa a cikin tuwon Malam?

Abin da ya hana ni komawa gare shi gaba ɗaya shi ne mutane. Farin ciko suke so, mai sheƙi, musamman 'yan mata da amare, gilas ayonoma kuwa dusashe ne, yana ɗaukar launin goro da shayi, yana kuma cinyewa a hankali a ƙarƙashin asuwaki. Kuɗin kwamfozit ya fi yawa, kuma an taɓa nuna mini a fakaice cewa ɗakin haƙori ya kamata ya riƙa shigo da abin kirki. Amalgam mai zaiba, wanda ba ruwansa da gam, ana ta janye shi a duniya tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, kuma ko yana nan ba zan sa wa mutum baƙin ciko a fiƙa ba.

Akwai kuma kanumfari. Rabin masu zuwa da kogon haƙori sun riga sun cusa shi a ramin, ko garinsa ko mansa a auduga, kana buɗe baki ƙamshin zai buge ka. Cikon wucin gadin da muke da shi ma na man kanumfari ne. An koya mana cewa wannan man yana hana kwamfozit daskarewa sosai. Kwana nawa ya kamata in jira bayan an cire shi, ko wankewa da asid ta wadatar?

Ranka ya daɗe, ka duba mini. A ɗaki irin nawa, ba robar killacewa, ba mai zuƙe miyau, daidai ne in ci gaba da sa kwamfozit a wuyan haƙori, ko in tsaya a kan gilas ayonoma har sai kayan aiki sun samu? In gam ne ya kamata in canza, in sayi irin wanda yake cin dantin da kansa ba sai an wanke ba, mai sinadarin MDP da ke kama ma'adinin haƙori, in sa asid a gefen inamel kawai? Zan iya saya da alawus ɗina in ajiye a firijin allurar rigakafi in an yarda mini, amma ba na so in kashe kuɗin a banza in matsalar daga iska ko fitila take. Wasu suna cewa a shimfiɗa gilas ayonoma a ƙasa a rufe da kwamfozit a sama, a sami riƙo da kyau a lokaci guda. Ka taɓa ganin ya yi ƙarko a irin bakin nan?

Sannan ta yaya zan tunkari shugaban asibiti kan kwalbar gam da kwamfuresa? Shi likitan jiki ne, dattijo, yana da kirki, amma a wurinsa kwalbar da kwananta bai ƙare ba lafiyayyiya ce, ni kuma baƙuwa ce mai wata huɗu ta tafi. Ba na so a ce yarinya ta zo jiya tana koya wa manya aiki, ba na kuma so wanda zai gaje ni ya tarar da abin da na tarar.

Na ƙarshe shi ne Malam. Har yanzu yana ganin haƙoransa ne ke da matsala, ni kuma na yi shiru ban gyara masa ba, kuma shirun yana damuna. Ya biya kuɗin farko daga abin da iyayen almajirai ke kawowa ranar Laraba. Zuciyata tana ce mini in gaya masa gaskiya, cewa kayan da na zaɓa ba su dace da haƙorinsa da ɗakina ba, in mayar masa da kuɗinsa daga aljihuna. Wata abokiyar karatuna ta ce kada in kuskura, wai in mara lafiya ya ji likita ta ce ta yi kuskure, gari duka zai ji, a daina zuwa, a koma wurin masu cire haƙori na kasuwa. Ina kuma so in roƙe shi ya sassauta hannu wajen asuwaki, ya riƙa bi daga dasashi zuwa ƙasa da tattausan kai, ba tare da ya ɗauka ina hana shi sunna ba. Da wane lafazi zan faɗa wa malamin da ya haife ni wannan?

Na ba shi ranar Alhamis ta makon sama, kuma na shafa masa fuloraid don ya samu ya yi alwala kafin nan. In da hali a amsa mini kafin ranar, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
wata likitar haƙori mai hidimar ƙasa