Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Daura Kan Sankarar Bakin Mahaifa

Ranka ya daɗe,

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar da na kawo ba irin wadda yaro ke yi a gaban manya ba ce, ina neman afuwa. Sai dai kunya ce ta kashe yayata, shi ya sa na ajiye tawa a ƙofar fada.

Ta haura shekara 50, al'ada ta daɗe da ɗauke mata, sai ga jini ya dawo. Ta ɗauka sanyi ne, ta yi ta shan jiƙe-jiƙe. Cikin dare take wanke zannuwanta ta shanya a bayan ɗaki. Kaskon turaren wuta kuwa ba ya mutuwa a ɗakinta, muna ta tsokanarta wai tsohuwa ta koma amarya, ashe wari take ɓoyewa. Ko da muka kai ta Katsina, aka tura mu Zariya, likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta ci jiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya biyo baya. Da dangin miji suka ji ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar, sai ƙus-ƙus ya tashi: ina ta kwaso? Matar da aka kai gidan tana 'yar shekara 16! Ba wanda ya ɗaga ido ya kalli mijin.

Ranka ya daɗe, ƙwayar ana kiranta HPV, kuma ba sai an yi alfasha ake samunta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk wanda ya taɓa saduwa zai gamu da ita wata rana. A ƙasar da ake auri-saki, ake auren zawarawa, ake zama da kishiyoyi, cikin halal ma za ta zagaya gida. Yawanci jiki kan kore ta cikin shekara biyu ba tare da an sani ba. In ta maƙale, a nan rabon namiji da mace ke bambanta. Mu maza galibi ba ma jin komai. Wani zai ga 'yan tsiro a gabansa, ƙalilan kuma kan gamu da sankarar mazakuta ko dubura ko maƙogwaro, amma babu wani gwajin da aka saba yi wa namiji a ce masa ga ta nan. Yana ɗauke da ita yana harkokinsa. Ita kuwa mace, ƙwayar kan yi kwanton ɓauna a bakin mahaifa shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe. Nau'i biyu kaɗai na ƙwayar, masu lamba 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankarar. A 2020, mata kimanin 12,000 ta kama a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Rigakafin ya iso. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Jihar Katsina ta shiga a zagaye na biyu cikin 2024. Allura ɗaya ce, kyauta. Amma na ji da kunnena a majalisa wani dattijo yana cewa allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa ba a yi wa yara maza? Tambayarsa da ma'ana, sai dai ba wanda ya zauna ya amsa masa: akwai ƙasashe irin su Ostireliya da ke yi wa maza ma, mu an fara da mata ne don su ake binnewa.

Ma'aikatan lafiya suna ta yi wa mata bayani a wajen awo. To, ai ba a hannunsu izinin yake ba. Uba ke cewa a yi wa yarinya ko kar a yi. Miji ke ba da kuɗin mota a je gwaji, gwajin da kan gano matsalar tun ba ta zama sankara ba, a magance ta.

Mun ga yadda shan inna ta ja baya da sarakuna suka sa baki. Roƙona, ranka ya daɗe, a umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni daga Baure zuwa Zango, Sandamu da Mai'aduwa, su tara maza zalla, a kira likita namiji ya faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana. Limaman Juma'a su ma su taɓa batun, musamman zunubin yi wa mara lafiya ƙazafi.

Yayata ta bar jikoki mata uku. Biyu na kai su da kaina an yi musu. Ta ukun ubanta ya ƙi, ya ce sai ya ji daga bakin manya.

Talakanka mai biyayya,
daga ƙasar Mai'aduwa