A tuna da tsofaffin mushe (malaman lakwal) tun suna da rai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ban fili in yi magana kan wani dattijo namu na nan Damagaram, ba zan faɗi suna ba don baya son haka. Ya fito daga makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed, aka tura shi ƙauye wajajen Tanut, aji na zana da kara, yara zaune ƙasa da allo a cinya, shi ne mushe shi ne darakta shi ne mai bin gida gida yana roƙon iyaye su saki 'yan mata su zo lakwal.

Da ya zama ansifekta kuwa, to fa, malamai sun ga aiki. Kan babur yake zuwa ba sanarwa, ya zauna can bayan aji ya buɗe kayen yara, wato littattafansu na rubutu, ɗaya bayan ɗaya, in ya tarar ba jan biro sai ya jira a tashi tukun, bai taɓa kunyata malami gaban ɗalibai ba. 'Yan kwantaragi da yawa a hannunsa suka koyi shirya darasi.

Yanzu ya yi ritaya, ido ya yi rauni. Ɗalibansa da suka wuce lise Amadu Kuran Daga suka zama likitoci da manyan ma'aikata a Yamai, ina kuke ne wai? Ku haɗa kuɗi a kai shi a duba idon nan.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi, unguwar Birni, Zinder