Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum shugaba, iyayenmu da sauran 'yan uwa. Rahoton nan ya makara na sani, ma'aji ne ya ce a ɗan ƙara jira ko masu bashin kuɗin wata za su turo, muka jira sati uku shiru, dole muka rufe littafi a haka.

Taron wata-wata an yi tara, uku ba a samu mutane ba.

Abin da ya fi faranta min rai a bana shi ne ranar nuna furojet na ɗalibai da muka yi a Samaru, Zariya. Kun tuna dalilin da ya sa muka ɗauko shi, tun da ChatGPT, AI ɗin nan na kwamfuta mai amsa tambaya da yi wa mutum rubutu, ya fito a Nuwamban 2022 mambobinmu da ke koyarwa suke kuka, yaro zai kawo aiki Turanci tsaf kamar littafi amma ka ce ya yi maka bayanin babi na uku sai ya hau susar kai. Manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i NUC ta fitar a Disamban 2022 ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin ɗari su cike da abin da ya dace da yankinsu, to mu ba mu da hannu a manhaja, amma muna da ƙannenmu da za mu iya kamawa. Sharaɗin da muka sa shi ne kowane rukuni ya fita ya samo matsala a bakin mai ita, Sabon Gari ne ko Tudun Wada ko Shika, kuma ba mu hana AI ba, kawai ka rubuta me ka tambaye shi, me ya ce, ta yaya ka tabbatar.

Wallahi yaran nan sun ba ni mamaki. Akwai wata 'yar aji uku da ta zo da ganyen masara a leda, tsutsa ta huda shi ko'ina, irin tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016. Ta ɗauki hotonsa da waya a gabanmu, manhajar wayar ta faɗi sunan tsutsar, ita kuma ta ce a gwaji na farko ƙarya ta yi mata ta ce ƙarancin taki ne, sai da ta kai ganyen wajen wani ma'aikacin gona ya buɗe mata tsakiyar karan ya nuna mata kashin tsutsar kamar garin katako. Manomin da ta yi aikin a gonarsa yana zaune a gaba, ya miƙe ya ce "'yata, yanzu sai ki sa abin ya yi Hausa dan mu ba ma karatun boko." Ɗakin ya ɗau tafi. Wani rukunin kuma AI ya jero musu littattafai biyar, suka je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar Ahmadu Bello suka duba, biyu babu su a duniya ma, suka zo suka faɗa da bakinsu. Ni a wajena yaron da ya iya kama irin wannan shi ne zai iya zama a intabiyu. Mutum biyu daga cikinsu wani yayanmu mai shagon kwamfuta a PZ ya ɗauke su SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a take.

Sai abin da bai yiwu ba. Laftof uku da sola da muka yi alkawari ba a saya ba, kuma dan Allah masu cewa a guruf "ina kuɗin suka tafi" su zo su duba littafi. Ba su kai rabi ba waɗanda suka biya naira 1,000 ɗin nan na wata, abin da ya shigo hayar kujeru da man janareto da data suka cinye, kuɗin ruwa ma daga aljihun ma'aji ya fita. Farashin da aka ba mu a farkon shekara kafin mu tara ya riga ya gudu. Horon rubuta CV shi ma ya tsaya saboda mutum huɗu suka ɗaga hannu za su koyar, ranar babu wanda ya ɗaga waya. Jerin wuraren SIWES da muka ce za mu haɗa dan kar yara su ƙare wata shida suna cike littafi ba aikin komai, suna shida kacal na samu, alhali muna da mutane a Kaduna, Kano da Abuja masu ofis. Kuna ganin saƙo, alamar tana zama shuɗiya, ba amsa. Mu ma fa wani ne ya riƙe mana hannu bayan bautar ƙasa, abin yana min ciwo gaskiya.

Godiya ta musamman ga Hajiyarmu da ta ciyar da yaran ranar, Allah ya saka da alheri. Taro na gaba Asabar ta farko a watan gobe bayan la'asar a inda aka saba, mai bashi ya turo kafin nan ya aika wa ma'aji shaidar biya, wanda kuma zai iya karɓar ɗalibi ko ɗaya ne a wajen aikinsa ya yi min magana kai tsaye.

Sakatare