Wasiƙa zuwa ga ɗana mai rubuta labaran ban tsoro

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari? Labarinka ya iso, na karanta shi sau biyu. Hannunka ya faɗa, amma na ga sawun fina-finan kimiyyar nan da kake kallo a kusan kowane shafi, kuma a nan gyaran yake.

Mai fim yana da sauti, yana da duhu, kuma shi ke riƙe da linzamin lokaci. Zai iya kashe kiɗa na ɗan lokaci, sannan ya watso fuska a allo, mai kallo ya zabura ko bai so ba. Kai ba ka da wannan. Mai karatu shi ke tafiyar da idonsa, sau da yawa ma ya riga ya hango ƙasan shafi kafin ya kai wurin. Shi ya sa duk inda ka rubuta "kwatsam sai ga dodo", ka ba da labarin firgita ne kawai, ba ka firgita kowa ba. A takarda tsoro yana zuwa ne daga ƙaramin abu da ya saɓa lissafi. Ka dubi uwa da ta farka tsakar dare tana sauraron numfashin 'ya'yanta a cikin duhu. Yara uku gare ta. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, numfashi huɗu take ji. Ba jini, ba ihu, amma mai karatu zai ɗaga kai ya dubi ƙofa.

Ban ce ka bar kallo ba. Ka canza yadda kake yinsa. Kallo na farko ka ji daɗinka, na biyu ka zauna da biro da takarda, ka rubuta mintin da abu ya fara lalacewa, da mintin da aka nuna halittar ban tsoron gaba ɗayanta. A fim ɗin Alien na 1979, gutsure-gutsure ake nuna ta, baki a nan, wutsiya a can, tsawon yawancin fim ɗin. Abu mafi amfani kuma shi ne doka. The Thing na 1982, wanda aka ɗauko daga labarin John W. Campbell na 1938, ya tsaya a kan doka ɗaya: halittar tana iya ɗaukar kamannin duk wanda ta cinye. Da zarar mai kallo ya san haka, kowane mutum da ya shigo ɗaki abin zargi ne. Dodonka ba shi da doka. A shafi na uku haske ya kore shi, a na bakwai ya shigo da rana tsaka, kuma mai karatu ba ya yafe irin wannan.

Ka kuma rage jama'a. Fim yana ɗaukar mutum bakwai a cikin kumbo, labari mai kalmomi 3,000 zuwa 5,000 ba ya ɗaukarsu. Mutum biyu, wuri ɗaya, dare ɗaya.

Sai batun bugawa. Masu ba da kyautar Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan almarar kimiyya, suna kiran abin da bai kai kalmomi 7,500 ba gajeren labari, kuma kowace mujalla tana da nata iyakar a cikin ƙa'idojin karɓa. Ka karanta ƙa'idojin tas, ka karanta aƙalla fitowa biyu na mujallar kafin ka aika. Nightmare da The Dark suna buga labaran ban tsoro a intanet, PseudoPod kuma karanta su take da murya, don haka jimla mai sarƙe harshe ba ta da kasuwa a can. Ka tsara rubutun yadda editoci suka saba: girman harafi 12, tazara biyu tsakanin layuka, inci ɗaya a gefe, adadin kalmomi a saman shafin farko. Wasu suna so a cire suna don a karanta ba tare da sanin marubuci ba, kuma barin sunan kaɗai ya isa a mayar maka. Wasiƙar rakiya layi uku ko huɗu ce: sunan labari, tsawonsa, inda ka taɓa bugawa in akwai. Kada ka bayyana ma'anarsa.

Abin da edita ke saya shi ne haƙƙin bugu na farko. Ranar da ka ɗora labari a Facebook ko Wattpad, ka cinye wannan haƙƙin da hannunka, sai dai ka sayar da shi a matsayin maimaici, a kuɗi kaɗan. Ƙungiyar marubuta almarar kimiyya ta SFWA ta sa santi 8 na dalar Amurka a kan kowace kalma a matsayin farashin ƙwararru a 2019, wato dala 240 ga labari mai kalmomi 3,000. Ƙananan mujallu suna biyan ƙasa da haka, ba laifi ba ne. Wanda ya ce kai za ka biya kafin ya buga ka, ka rabu da shi. A kwantiragi ka nemi tsawon lokacin da za a hana ka bugawa a wani wuri, yawanci watanni ne zuwa shekara, ka kuma duba ko an haɗa da haƙƙin murya ko na fim. Ba a sayar da na fim a farashin kalma.

Kada ka bari na'urar AI, wato manhajar da ke ƙirƙirar rubutu da kanta, ta rubuta maka ko layi ɗaya. A Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta rufe karɓa na ɗan lokaci saboda ambaliyar irin waɗannan labaran, kuma wanda aka kama ana toshe sunansa.

Za a mayar maka da labari sau da yawa, ɗana, har da masu kyau. Kada ka amsa wa edita da gardama. Ka buɗe jadawali: sunan labari, mujalla, ranar aikawa, ranar amsa. Shafin Submission Grinder kyauta ne, yana nuna kwanakin da kowace mujalla ke ɗauka. In ƙa'ida ta hana aika labari ɗaya wuri biyu a lokaci guda, ka kiyaye. In editoci uku sun nuna wuri ɗaya, ka gyara wurin. In ba su ce komai ba, ka tura shi gaba a ranar.

Ka yanke shafuka biyun farko na wannan labarin, ka fara daga inda fitila ta mutu, ka sake aiko mini kafin ka kai wa kowa. Mamanka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka