Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ke Kawo Mana Faya-fayan DVD

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoto ne a Kano. Biki, suna, saukar karatu, duk ina zuwa. Shekara da shekaru faya-fayanku nake saye, roba mai guda hamsin, ina adana aikin mutane a kai kafin in share rumbun kwamfuta. Sau biyu na rubuto muku ba amsa, shi ya sa na fito fili.

Makon jiya wata hajiya ta zo shagona. Maigidanta ya rasu, Allah ya ji ƙansa, tana neman hotunansa na ranar ɗaurin auren 'yarsu, shekara uku da suka wuce. Na ɗauko faifan da gadara, har ina ce mata ta zauna minti biyu. Na saka. Na'ura ta yi ta gurnani, 'yar fitilar tana ƙyaftawa, can kwamfuta ta ce ba ta iya karantawa. Na gwada a kwamfuta uku. Hotunan kamu da na lalle sun buɗe, na ɗaurin aure kuwa ko ɗaya. Da na ɗaga faifan a haske sai na ga gefensa ya yi dabbare-dabbare kamar an ɗiga masa shayi. Ban san da wane ido na kalli baiwar Allah nan ba.

Kada a ce mini laifin ajiya ne. Na san faifan da ake ɗora wa bayani ba irin na kamfani ba ne da ake bugawa da inji. Wani siririn rini ne a cikinsa, hasken leza ke ƙona shi, kuma zafi da rana da danshi suna cinye rinin nan a hankali. Saboda haka a cikin kwabad nake jera su, kowanne a gidansa, a tsaye, nesa da taga. Ko da kun rubuta 16x a jiki, wato iyakar gudun ɗora bayani, a rabinsa, 8x, nake ɗorawa, in kuma sa manhaja ta tantance bayan an gama. Abin da ya fi ba ni haushi, tsofaffin faya-fayanku da na saya tun kafin waɗannan, a kwabad ɗaya suke, suna buɗewa lafiya lau.

Faifai daga tsakiya yake fara ɗaukar rubutu ya nufi gefe. Idan rinin bai shimfiɗu da kyau a gefen ba, duk wanda ya cika giga 4.7 ɗin da kuka yi alkawari, aikinsa na ƙarshe ne zai fara mutuwa. Abin da ya same ni ke nan.

Sai na bincika. Kowane faifan DVD da ake ɗora wa bayani yana ɗauke da lambar masana'antar da ta ƙera shi, manhaja irin ImgBurn tana nuna ta. Lambar tsofaffin daban, ta sababbin daban. Wato kun sauya masana'anta, kwali da tambari kuwa suna nan yadda suke, kuɗi ma bai ragu ba. Kun sayar mana da biri a sama.

Ni ma na ɗauki nawa laifin, da na dogara da kwafi ɗaya. Yanzu kowane aiki wuri biyu nake ajiye shi.

Ga abin da nake nema. Ku karɓi roba huɗu da suka rage mini ku mayar mini da kuɗina. Ku sanar da dillalanku wane rukuni ne abin ya shafa, domin masu shaguna da makarantu da suka zuba takardunsu a kai su yi maza su kwashe tun faya-fayan suna buɗewa. In kuma za ku sake sauya masana'anta, ku rubuta a jikin kwali. Rasit da faifan hajiya suna hannuna, duk wanda za ku turo ya zo ya gani da idonsa.

Na gode.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto, Kano